DODON TALABIJIN DA ZUCIYAR YARO: SHIN YA DACE 'YA'YANMU SU KALLI SHIRYE-SHIRYEN FARAUTAR DODANNI?

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin halittun da muka sani da waɗanda ba mu sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (S.A.W), da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa maza da mata, akwai tambayar da iyaye suke yawan turo mini, lafazi daban-daban amma ma'ana ɗaya: "Malam, mun rufe wa yara tashoshin raye-raye da finafinan banza, mun bar musu na dabbobi da na tarihi don su ƙaru. To sai ga shi waɗannan ɗin ma suna nuna shirye-shiryen neman dodanni: wani ƙaton biri mai tafiya kamar mutum a dazukan Amurka, wata dabba mai dogon wuya a wani tafki a Sikotland, 'yan ruwa masu jelar kifi a teku. Yara kuma sun maƙale musu. Mu bari ko mu hana?"

Amsata a taƙaice ita ce: abin da ya fi damuna a shirye-shiryen nan shi ne rigar da aka sa wa dodon. Labari ne na ji-ta-ji-ta, wani lokacin ma ƙarya tsagwaronta, amma an ɗinka masa rigar ilimi da bincike, aka ajiye shi a tashar da yaro ya saba ganin zaki da giwa na gaskiya. Yaro yana da ma'auni a zuciyarsa wanda yake koyon auna labari da shi, kuma da wannan ma'aunin ne zai karɓi addininsa gobe. Duk abin da zai lalata ma'aunin nan ba ƙaramin abu ba ne. Bari in warware maganar.

BA DUKA AKA TARU AKA ZAMA ƊAYA BA

Adalci shi ne mu fara rarrabe su, domin kala uku ne.

Kala na farko shi ne shirin da ke ɗaukar almara ya bi ta har ya kai ga amsa. Misali River Monsters na Jeremy Wade, wanda tashar Animal Planet ta nuna daga 2009 zuwa 2017. Za a ce masa akwai dodo a kogi kaza yana cinye mutane, sai ya je ya tambayi masunta, ya jefa ƙugiya, a ƙarshe ya ciro kifin ya nuna maka haƙoransa, ya gaya maka sunansa. An fara da tsoro, an ƙare da sani.

Kala na biyu shi ne shirin da ke nema amma ba ya samu, kuma ba ya cewa bai samu ba. MonsterQuest na tashar History, daga 2007 zuwa 2010, da Finding Bigfoot na Animal Planet, daga 2011 zuwa 2018, duk suna nan. Shi wannan na biyun an yi kimanin kashi 100 ana neman ƙaton birin nan da ake kira Bigfoot. Sunan shirin yana nufin gano shi. An gama shirin kaf, ba a gano ko ƙashinsa ɗaya ba.

Kala na uku shi ne ƙarya da aka shirya da gangan. A 2012 Animal Planet ta nuna Mermaids: The Body Found, wai an tsinci gawar 'yar ruwa kuma gwamnati ta ɓoye. Mutanen da suka fito a matsayin masana kimiyya 'yan wasan kwaikwayo ne. Hotunan da kwamfuta aka haɗa su. Sanarwar cewa ƙagaggen labari ne kuwa, a can ƙarshe aka liƙa ta cikin ƙananan rubutu, ta wuce fit. Mutane suka gaskata har ta kai hukumar gwamnatin Amurka mai kula da teku da yanayi, NOAA, ta fito ta yi bayani cewa ba a taɓa samun wata hujja ta samuwar irin wannan halitta ba. Kun san abin da tashar ta yi? A 2013 ta ƙaro kashi na biyu, mutum miliyan 3.6 suka kalla, adadin da ba ta taɓa samu ba kafin nan. A wannan shekarar kuma tashar Discovery ta yi irin wannan da labarin wani ƙaton kifin shak mai suna Megalodon, wanda masana suka ce ya ƙare tun tuni, ita kuma ta nuna kamar yana nan yana kifar da jiragen ruwa.

To kun ga, idan uba ya ce mini "tashar ilimi ce ai", sai in ce masa: wane shiri a cikinta?

ME AKA SAMU DA AKA BINCIKA DA GASKE?

Ɗauki dodon tafkin Lok Nes na Sikotland, wanda ya fi kowane shahara. Tafkin yana da tsawon kimanin kilomita 36, zurfinsa ya kai mita 230. Hayaniyar ta tashi a 1933. A ƙarshen shekarar wani mafarauci mai suna Marmaduke Wetherell ya ce ya ga sawun dodon a bakin tafkin. Da aka kai samfurin sawun gidan tarihin halittu na Landan, sai aka ga da busasshiyar ƙafar dorina aka danna shi. A watan Afrilu na 1934 jaridar Daily Mail ta buga hoton nan da kowa ya sani, dogon wuya da ƙaramin kai sun leƙo daga ruwa, aka jingina shi ga wani likita don mutane su amince. Sai bayan shekara 60, a 1994, asiri ya tonu: jirgin ƙarƙashin ruwa ne na wasan yara aka ɗora masa kai da wuya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ramin sai da ya ci shekara 60.

A 1987 an jera jiragen ruwa sun share tafkin da na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta saurari amsa-kuwwarsa. A 2003 BBC ta sake yin irin wannan. Babu dodo. A 2018 Farfesa Neil Gemmell na Jami'ar Otago ya ɗebi ruwa daga wurare daban-daban na tafkin, ya tace ƙwayoyin halittar duk abin da ke rayuwa a ciki. Sakamakon da ya fitar a 2019 bai nuna alamar wata ƙatuwar dabba mai rarrafe ba. Abin da ya samu da yawa shi ne na wani kifi mai siffar maciji.

Haka labarin Bigfoot. Sunan ya samo asali ne daga wasu manyan sawaye da aka gani a arewacin Kalifoniya a 1958. Da wani mutum mai suna Ray Wallace ya mutu a 2002, iyalinsa suka fito da ƙafafun katako da aka sassaƙa, suka ce da su ya riƙa yin sawayen. Haka Yeti na duwatsun Himalaya: a 2017 aka gwada abubuwa 9 da ake cewa gashinsa ne da ƙashinsa da haƙorinsa, 8 suka fito na beyar, dabbar da Larabawa ke kira dubbu, ɗaya kuma na kare.

Yanzu ku lura da wani abu. Duk wannan bayanin masu shirin sun san shi. Amma amsa ba ta sayar da talla. Ranar da aka ce "babu dodo", ranar shirin ya mutu. Don haka sai a gina shi yadda ba zai taɓa ƙarewa ba: duhun dare, kyamara mai koren haske tana rawa, wani ya yi raɗa "ka ji wannan ƙarar?", kiɗa ya tsananta, sai a tafi talla. A dawo, reshe ne ya karye. A rufe shirin da tambaya: "Wa ya sani?" Babba yana iya gane cewa kasuwanci ne. Yaro ɗan shekara 8 kuwa, abin da ya gani shi ne manya masu gilashi da na'urori suna neman wani abu da gaske, kuma a saninsa manya ba sa neman abin da babu.

"AI KAMAR TATSUNIYA CE, MALAM"

Wani zai ce: mu ma ai da Dodo muka tashi. Kakanninmu sun ba mu labarin Dodo da Gizo da Ƙoƙi, ba mu lalace ba.

Gaskiya ne, amma tatsuniya tana da amana. Tana sallama kafin ta shigo. Da zarar an ce "ga ta nan, ga ta nanku", yaro ya san an buɗe ƙofar wata duniya ta daban. In an gama a ce "ƙurunƙus", a rufe ƙofar, mai bayarwa ma da bakinta take nuna cewa ba gaskiya ba ce. Kuma wa ke bayarwa? Kaka ce ko inna, yaron yana jingine da ita, tana ganin fuskarsa. In ta ga ya tsorata sai ta sassauta, ta sa Gizo ya yi wa Dodo wayo a yi dariya. A ƙarshe akwai darasi: kar ki raina iyaye, kar ka yi kwaɗayi.

Shirin talabijin ba ya sallama, ba ya cewa ƙurunƙus, ba ya ganin fuskar yaron. Da muryar da aka gaya masa yadda rakumi ke jure ƙishirwa, da ita aka gaya masa an tsinci gawar 'yar ruwa. Tatsuniya ƙage ce da ta faɗi sunanta. Wannan kuwa ƙage ce da ta ari sunan gaskiya.

Kuma addininmu bai ɗauki yi wa yaro ƙarya da wasa ba. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir cewa wata rana yana ƙarami, Manzon Allah (S.A.W) yana zaune a gidansu, sai mahaifiyarsa ta kira shi da alkawarin za ta ba shi wani abu. Annabi ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Dabino fa! To ina ga awa guda cur ta ƙarya da aka kashe mata miliyoyi don ta yi kama da gaskiya?

"KU DA KUKA YARDA DA ALJANU?"

Ga tambayar da ta fi nauyi, kuma in ba mu amsa ta ba yaranmu za su ji amsarta daga bakin wanda ba ya sallah. Za a ce: kai da ka yi imani da aljanu da mala'iku, da Yajuju da Majuju, da dabbar da za ta fito a ƙarshen zamani ta yi wa mutane magana, kamar yadda ya zo a Suratun Namli aya ta 82, da wane baki za ka ƙaryata mai cewa ya ga Bigfoot?

Amsar ita ce, sani ƙofa biyu gare shi. Akwai gaibu, wanda ido da na'ura ba sa kaiwa gare shi. Wannan ta hanyar wahayi ake saninsa, daga Manzon da gaskiyarsa ta tabbata, ta hanyar ruwayar da aka tace mazajenta ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma duniyar da muke gani, ta nama da jini da ƙashi. Wannan da gani da bincike da shaida ake saninta.

Masu neman Bigfoot ba su ce gaibu ba ne. Cewa suka yi dabba ce mai ci da sha da haihuwa da mutuwa. To dabba ɗaya ba ta rayuwa shekara da shekaru ita kaɗai, dole akwai garke. Garke kuwa yana barin kashi da gashi da gawa. Mota takan buge ɗaya, mafarauci yakan harbi ɗaya. Babu nassi da ya zo da shi, babu gawa da aka ajiye a gaban mutane. Ya faɗi a ƙofa ta farko, ya faɗi a ta biyu. Abin da ya rage sunansa zato, kuma Suratun Najmi aya ta 28 ta gaya mana matsayin zato a gaban gaskiya: ba ya tsinana komai.

Kuma ina jan hankalin 'yan'uwa masu saurin cewa "ai aljani ne ya rikiɗa". Da wace hujja? Mun yi imani da samuwar aljanu saboda Alƙur'ani ya faɗa. Amma ka nuna wata inuwa a wani bidiyo ka ce wannan aljani ne, wannan da'awa ce sabuwa mai buƙatar dalilinta. Suratul Isra'i aya ta 36 ta hana mutum bin abin da ba shi da ilimi a kansa, ta kuma sanar da cewa ji da gani da zuciya duk za a yi tambaya a kansu. Larabawan jahiliyya suna da dodonsu na sahara mai suna Gul, wanda suke cewa yana rikiɗa ya ɓatar da matafiya. A hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim, Annabi (S.A.W) ya kore shi. Wasu malamai suka ce samuwarsa aka kore, wasu suka ce ikon da ake jingina masa aka kore. Ko wanne ka ɗauka, Musulunci ya zo ya rage wa mutane dodanni ne.

Ga inda haɗarin yake. Yaron da aka cika masa kai da waɗannan shirye-shirye ba tare da mai warware masa ba, ɗayan rami biyu ake jiye masa. Ko dai ya tashi mai gaskata komai, duk wanda ya zo masa da murya mai nauyi da hoto mai duhu ya kama shi. Irin wannan shi ne abincin boka da ɗan damfara da mai yaɗa ji-ta-ji-ta. Mun ga yadda a 2014, lokacin cutar Ebola, saƙon waya guda ya tayar da mutane cikin dare suna wanka da ruwan gishiri suna sha, har aka rasa rayuka. Ko kuma ranar da ya girma ya gano cewa 'yar ruwan ƙarya ce, hoton Lok Nes abin wasa ne, sai ya tattara duk abin da ido bai gani ba ya zuba a kwando ɗaya: Bigfoot da aljani da mala'ika da azabar kabari. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Wannan rami na biyu shi ya fi ba ni tsoro, domin a cikinsa ake rasa imani, kuma shiru yake faruwa, uba bai sani ba.

MAGABATANMU BA SU HAƊIYI KOMAI BA

Kada wani ya ɗauka tace labari al'adar Turawa ce. Gadon gidanmu ne. Suratul Hujurati aya ta 6 ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. A gabatarwar Sahihu Muslim akwai hadisin da ke nuna cewa mutum ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, wannan kaɗai ya ishe shi zama maƙaryaci. Malaman hadisi sun yi tafiyar watanni don su tabbatar da mutum ɗaya a cikin sarƙar ruwaya.

Har a kan dodannin ruwa ma malamanmu sun yi magana. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya kawo a Muƙaddimarsa wani labari da masanin tarihi Mas'udi ya ruwaito: wai dodannin teku sun hana sarki Iskandar gina birnin Iskandariyya, sai ya shiga akwatin gilashi aka zura shi ƙarƙashin ruwa, ya zana siffofinsu, ya fito aka ƙera gumakansu aka kafa a gaɓa, da suka gani suka gudu. Ibn Khaldun bai ce tunda babban malami ne ya kawo shi ke nan ba. Ya auna labarin: sarki ba ya jefa kansa cikin irin wannan kasada ya bar mulkinsa, kuma wanda aka rufe a akwati a ƙarƙashin ruwa, ɗan iskan da ke ciki ba zai ishe shi ba, mutuwa zai yi. Ya yi watsi da shi. Wannan shi ne hankalin Musulmi.

Sannan ku kwatanta da hadisin Anbar da ke cikin Bukhari da Muslim. Sahabbai kimanin 300 ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah, yunwa ta kai su ga cin ganye a gaɓar teku, sai teku ta jefo musu wani ƙaton kifi. Sun yi kwanaki masu yawa suna ci. Abu Ubaida ya kafa ƙashin haƙarƙarinsa, mutum a kan rakumi ya wuce ta ƙarƙashi. Suka kawo ragowar naman Madina, Annabi (S.A.W) ya ci. Halitta ce mai ban mamaki, amma dubi hujjarta: ɗaruruwan shaidu, nama a hannu, ruwaya ingantacciya. Haka abin mamaki na gaskiya yake zuwa, da rana tsaka, a gaban jama'a.

Kuma a ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda mutuwarsa ne. Labari ne da zai ƙara masa girma a idon jama'a, amma nan take ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Wanda bai yarda a ƙara masa daraja da camfi ba, zai yarda a tarbiyyantar da 'ya'yan al'ummarsa da shi?

MAGANAR TSORO

Akwai kuma haƙƙin yaro na ya kwanta hankalinsa kwance. Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun tsorata ɗan'uwansu da ke barci da wasa, Annabi (S.A.W) ya bayyana cewa bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba. Babba ke nan. Ibnul Ƙayyim kuwa, a littafinsa Tuhfatul Maudud, ya yi wasiyya a kare ƙaramin yaro daga sauti mai firgitarwa da abin kallo mai muni, saboda illar da suke yi wa hankalinsa da bai yi ƙwari ba.

Wata malama a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Joanne Cantor, ta shafe shekaru tana nazarin abin da ke tsorata yara a talabijin. Abin da ta lura da shi: ƙananan yara munin siffa ne ke firgita su, kuma ka ce musu "ba gaskiya ba ne" bai cika yin amfani ba. Waɗanda suka ɗan tasa kuwa, abin da zai iya faruwa da gaske shi ke hana su barci. To shirin farautar dodo ya haɗa biyun: ga mummunar siffa ga ƙarami, ga "mai yiwuwa yana nan" ga babba. Sakamakon a gida ake ganinsa: yaron da ba ya iya fita banɗaki da dare, mai firgita cikin barci, mai tsoron bin babansa masallaci da asuba.

AMFANIN FA?

Akwai shi, kuma ba zan ɓoye ba. Son sanin abin da ke ɓoye ni'ima ce. Suratun Nahli aya ta 8 ta sanar da mu cewa Allah Yana halittar abin da ba mu sani ba, Suratul Ankabut aya ta 20 kuma ta umarce mu da tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Ya fari halitta. Dabbar okapi ta dazukan Kwango, mai kama da raƙumin dawa da ƙafafu masu zane, mutanen dajin sun san ta tun fil azal, Turawa kuwa sai a 1901 suka tabbatar da ita, da fata da ƙoƙon kai suka isa Landan. Kifin silakant, wanda masana suka ɗauka ya ƙare tun miliyoyin shekaru, a watan Disamba na 1938 ya faɗo cikin komar masunta a gaɓar Afirka ta Kudu. Duka biyun da abu a hannu aka rufe maganarsu.

Ita ma 'yar ruwa, ga ayu nan a kogin Neja da Binuwai, masuntanmu sun san shi. Dabba ce mai shayarwa, macen tana da nono biyu a kusa da hammata, tana leƙo da kai ta shaƙi iska. Wanda ya hango ta daga nesa da almuru yana iya rantsewa mutum ya gani. A watan Janairu na 1493 Kolumbus ya rubuta cewa ya ga 'yan ruwa uku a tekun Karibiyan, har ya yi ƙorafin ba su kai kyan da ake zana su ba. Masana sun tafi a kan cewa dangin ayu ya gani. Ka ba ɗanka wannan labarin, ka ga yadda idonsa zai buɗe. Ya sami mamakin, ya kuma sami gaskiyar.

TO ME ZA MU YI?

Ba zan ɗauki kalmar haram in yafa wa shirye-shiryen nan gaba ɗaya ba. Kalma ce mai nauyi, kuma asalin al'amuran duniya halacci ne sai in dalili ya hana. Amma halaccin abu daban, dacewarsa da yaro daban. Zuma halal ce, likitoci kuma sun hana a ba jariri ita kafin ya cika shekara. Ga abin da nake ba da shawara:

1. Yaron da bai kai shekara 7 ba, a nesanta shi da duka kala ukun. Bai kai ga rarrabe gaske da ƙage ba, tsoron kawai zai kwasa.

2. Daga 7 zuwa wajen 12, kala na farko kaɗai, wanda ke ƙarewa da amsa. Da rana, tare da babba, kuma babban ya fara dubawa.

3. Wanda ya fara balaga, zauna ka kalli kala na biyu tare da shi, ko da sau ɗaya ne, ka mayar da shi darasi. Tsayar da shirin ka tambaye shi: Wa ya gani? Su nawa ne? Wa ya san gaskiyarsu? Me mai shirin zai samu in mun yarda? Ina gawar? Me ya sa kowa yana da kyamara a aljihu yau amma hoton dodo har yanzu dishi-dishi yake? Tambayoyin malaman hadisi ke nan, a ƙaramin sikeli.

4. Kala na uku, ƙagaggen da aka yi wa rigar bincike, ba abincin yaro ba ne. Balle na 'yan ruwa, wanda ya haɗa da siffofi marasa sutura da iƙirarin cewa wasu birai ne suka koma teku suka zama su. Haka shirye-shiryen farautar fatalwa da kiran ruhin matattu, waɗannan sun shiga hurumin aƙida kai tsaye, a rufe su.

5. In yaro ya riga ya gani ya tsorata, kar a yi masa dariya, kar a ce masa rago. A saurare shi, a nuna masa yadda aka haɗa abin, a koya masa Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi da addu'ar barci. Ya san cewa Wanda Ya halicci duhu Yana ganinsa a cikin duhun.

Sai magana ta ƙarshe, kuma tamu ce mu manya. Uwar da ke cewa "yi shiru ko Dodo ya zo ya kama ka" ta riga talabijin shuka irin. Uban da ke tura hoton ƙaton ƙwarangwal a WhatsApp wai an tono mutanen Adawa, alhali hoton daga wata gasar haɗa hotuna da kwamfuta ya fito a 2002, shi ma ya yi wa addini irin abin da muke zargin tashoshin nan da shi. Addinin Allah ba ya buƙatar ƙarya ta tallafe shi. Yaro yana kallon abin da babansa ke gaskatawa da abin da yake turawa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowannenmu makiyayi ne, za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, har da abin da ya bari ya shiga ido da kunnen ɗansa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su imani mai hujja da hankali mai tacewa, Ya cire musu tsoron kowa sai nasa. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Amin.

Wallahu a'alam.